Allo Uku a Zaure

Allo uku ne a gabana, kuma ko yau aka tambaye ni zan ce uku sun fi ɗaya aiki. Ba zan ɗora wa na'ura laifin da ba nata ba.

Sunana Musaddiq, sana'ata zanen taswira. Wani kamfani a Kano ya karɓi aikin fitar da iyakokin gonaki da burtalin shanu na wannan yanki, wai don a rage rigimar manoma da makiyaya, ni kuma aka yanka min Mai'adua da Baure da wani gefe na Mashi. Ana turo min hotunan da tauraron ɗan'adam ya ɗauka daga sama, in zauna a Daura in bi gefen kowace gona da linzamin kwamfuta, in zagaye ta, in ba ta lamba. Sanda nake da allon kwamfuta ɗaya gona arba'in nake yi a wuni, rabin lokacin ma wajen buɗe wannan a rufe wancan yake tafiya. Da na ƙara na biyu, hoto a hagu zane a tsakiya, na kai saba'in. Na ukun, na dama, shi ke riƙe da saƙonni da sunayen ƙauyuka, kuma shi ya kai ni ɗari ba biyar. Shugaban aikinmu, mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba, ya rubuta wa ma'aikata duka cewa su yi koyi da Musaddiq na Daura. Na karanta saƙon nan ya fi a ƙirga, har kaina ya so ya fi ƙarfin hulata.

A zauren mahaifina na kafa kayan. Malam ya rasu shekara huɗu da suka wuce, Inna ta bi shi bayan damina ɗaya, gidan ya rage daga ni sai matata Haulatu. A zamanin Malam zauren nan ba ya rabo da takalma a bakin ƙofa. Kuma akwai al'adar da duk wanda ya tashi a garin nan ya san ta: a zaure gaisuwa ake yi da hira, amma maganar da ta kawo mutum sai an tashi raka shi. A nan ne baƙo zai rage murya, ya kalli ƙasa, ya ce "dama". Neman aure, sasanci, ciwon da ba a so duniya ta ji, duk tsakanin ƙofar zaure da gindin darbejiyar kan kwana Malam ya saurare su. Taku arba'in ne, na sha ƙirga su ina biye da shi.

Da na kira Mati kafinta ya haɗa min dogon tebur mai ɗaukar allo uku, bango ɗaya kaɗai ya ci teburin, wanda ke kallon ƙofa. Wato in na zauna, na ba ƙofa baya. Mati ya ce maigida ba ya juya wa ƙofarsa ƙeya, na ce masa ya ji da ƙusoshinsa. Daga baya na gano in mutum ya tsaya a ƙofa, inuwarsa na fitowa a baƙin gefen allon hagu, sai na ga ai an huta ma, ba sai na waiwaya ba. Rakiya kuwa na auna ta da agogo. Kafin ka tashi, ka sa takalmi, ka je, ka tsaya, ka dawo, ka sake nemo inda ka tsaya a hoto, gona biyar sun tafi. Sai na soke ta. Abokaina na majalisa suka yi ta zuwa suna hira da bayana, ɗaya bayan ɗaya suka gaji.

Haulatu ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa na daɗe ina zaton lafiya muke zaune. Ranar da aka kawo allo na uku ita ta taya ni fitar da shi daga kwali, har ta zauna a kekenta ta ɗinka wa kowanne riga da ragowar atamfarta, don ƙura. Za ta kawo abinci ta tsaya, in ce ta ajiye. Za ta zo da labarin unguwa, in ce ina jin ta, kuma ina ji ɗin, ai ba da kunne ake riƙe linzami ba. An tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani kullum. Ni nawa idon har ganin ma ya daina.

Ranar sha huɗu ga Mayu da azahar, ana zafin nan na bazara da ke sa mutum ya nemi faɗa da inuwarsa, ta shigo za ta sa wayarta caji. Ta sunkuya ƙarƙashin tebur, ta zare fulogi ɗaya don ta sa nata. Na kwamfutar ne ta zare. Allo uku suka mutu tare, da gona sittin da na zana tun safe ban adana ba.

Na faɗi maganganu. Ba zan maimaita su duka ba, na dai ce mata shekara uku tana gidan nan ba ta san abin da ke ciyar da ita ba. Ta miƙe tana kallona, ta ce a hankali:

"Gona sittin kake wa kuka, kai da ko ƙwayar dawa ba ka shuka a cikinsu ba. Ni da nake cikin gidanka, yaushe rabonka da sanin zanin da na ɗaura?"

Da na yi shiru da ya fi. Sai na ce na sake ta, saki ɗaya. Kafin a kira la'asar na yi nadama, amma magana zarar bunu ce.

Washegari da safe ta fito da akwati ɗaya, ta tsaya bayan kujerata. Ina ganin ta a gefen allon hagu, da mayafinta ruwan toka.

"Na san kana da ikon mayar da ni ko ba ka tambaye ni ba," ta ce. "Don Allah kada ka yi min haka."

Ban juyo ba. Kunya ce ta riƙe min wuya, ba fushi ba, amma mai kallon ƙeya ba shi da yadda zai bambance su. Ta fita, ta hau acaba zuwa tasha, ta tafi gidansu a Mai'adua.

Abin da ya rage min shi ne idda. Muddin ba ta cika ba, kalma ɗaya ta isa Haulatu ta dawo ɗakinta, ba sabon sadaki, ba sabon ɗaurin aure. Amma ta roƙe ni kada in yi mata dole, ni kuma na yi wa kaina alkawarin ba zan ƙara mata wani ciwon ba. Don haka na zauna jiran alama, ko da kalma ɗaya ce daga wajenta mai nuna in zo. Na buɗe kalanda a allon dama, na ƙirga wata uku, na yi wa sha huɗu ga Agusta jan zane. Na ce in har makon ƙarshe ya kama ban ji komai ba, zan ajiye kunya in je in durƙusa gaban mahaifinta. Me ya hana ni zuwa tun a makon farko? Na ce aiki, don kamfani na son a gama kafin ƙarshen damina. Gaskiyar ita ce ina jin nauyin haɗa ido da surukina, ina kuma tsoron in je ta ce a'a.

A rana ta uku na rubuta mata saƙon ban haƙuri, na gyara shi sau bakwai, na tura. Sai na ji wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashin teburina. Wayarta ce, tana nan inda ta ajiye ta ranar da abin ya faru. Na daɗe ina kallon ta. Ban ɗauke ta daga wurin ba, caji nake sa mata kullum, kuma in faɗi gaskiya bayan haka ma nakan tura saƙo jefi-jefi, don dai in ji wani abu ya amsa a gidan. Na ce ai ta san lambata da ka, in ta so za ta ari wayar ƙanwarta. Saboda haka allon dama ya zama na jira, ba na minti biyar wuyana bai juya can ba.

Kaɗaici ya ishe ni, ba ni da wani sunan da zan kira shi da shi. Gida mai ɗaki biyar, ni kaɗai da ƙarar fankar kwamfuta. Ruwan farko ya sauka, ciyawa ta fito a tsakar gida har bakin madafa, ban sami hannun cire ta ba. Kajin Haulatu na miƙa wa maƙwabta, don kallon da suke yi min da safe ya fara damuna. Shinkafa da wake nake saya a bakin titi, in ci a gaban allo, in goge hannu in ci gaba. Akwai ranar da na lura tun wayewar gari ban buɗe baki ba sai a salla. Aiki kuwa ya yi ta gudu, na kai gona ɗari da goma, shugaba ya sake yabo. Na juya zan faɗa wa wani, babu kowa.

Gidan su Haulatu yana cikin hotunan da aka ba ni, ban sha wahalar gano shi ba. Ga kwanon rufi mai tsatsa a kusurwa, ga garken shanu a baya, ga tsamiyar ƙofar gida. Hoton tsoho ne, an ɗauke shi da rani shekara huɗu baya, lokacin tana budurwa a gidan. A tsakar gidan akwai wani ɗigon fari, ko shanya ce ko mutum. In na gaji sai in jawo wurin a allon hagu, in yi ta ƙara masa girma har ɗigon ya farfashe ya zama dishi-dishi. Ban taɓa gane ko mene ne ba.

Mutum ɗaya ne bai gaji da zuwa wurina ba, Baba Mainasara. Aminin Malam ne, dillalin shanu a kasuwar Mai'adua, kuma kawun Haulatu, shi ma ya haɗa aurenmu. Da can sai a yi wata biyu bai leƙo ba. Amma mako uku bayan tafiyarta ya fara zuwa kowace Juma'a, wai ya fi son sallar Daura, in an sauko ya biyo ta zaure. Ba zan ce ban girmama shi ba. Ina jin sallamarsa nake tashi, in durƙusa in gaishe shi, in shimfiɗa masa buzun Malam, in kawo ruwa. Sannan in ce ya yi haƙuri in ƙarasa layin da na fara, in koma kujera. Layin nan ba ya ƙarewa. Kullum jira nake ya buɗe baki ya wanke ni tas a kan 'yar ƙanwarsa, don haka na fake da aiki, yadda nake fakewa bayan Inna in na yi ɓarna.

Bai taɓa ambatar sunanta ba. Hirarsa ta ruwa ce da shuka, da yadda shanu ke tsallakowa daga Nijar. Wani lokaci ya miƙe ya leƙa ta kafaɗata, ya nuna da sandarsa, ya ce wannan da na zagaye ba gona ba ce, mashaya ce, tun yana yaro ake shayar da dabbobi a wurin. Gaskiya ya fi tauraron sanin ƙasar nan. Yakan kuma tsokane ni.

"Mu allo ɗaya muka riƙe muka sauke Alƙur'ani," ya ce wata rana. "Kai ga uku a gabanka, yaushe ne saukar?"

Na yi dariya ban juyo ba. Shirun da ya yi game da Haulatu kuwa na yi masa fassara da kaina: sun gama shawara, sun shafe ni, zumuncin Malam kawai ke kawo tsohon.

Babbar Salla ta zo ta same ni ni kaɗai. Na yanka ragona, na rasa mai suya, na raba naman ɗanye, kafin azahar na koma kujera. Juma'ar da ta biyo baya Baba ya zo da ɗan kwano a ɗaure cikin tsumma, ya ajiye a gefen tebur, ya ce naman Salla ne daga gida. Da ya tafi na buɗe. Citta da kanumfari sun ji a ciki, irin suyar Haulatu sak. Na ci, amma na ce wa kaina kada in ruɗi kaina, ai dangi ɗaya ne, hannunsu ɗaya.

Abin da ke ba ni haushi da Baba shi ne tashinsa. Zai ce to shi zai kama hanya, ya ci gaba da zama. Ya sake faɗa, ya miƙe, ya yi ta laluben takalmi kamar an ɓoye masa, ya gyara hula, ya tsaya a ƙofa yana duban sama wai ko hadari ne. Duk ina kallon wannan a gefen allon hagu. Ni kuma in ɗan ɗaga daga kujera, hannuna na kan linzami, in ce Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen gida. Babur ɗinsa ma, wanda a zamanin Malam a bakin ƙofa yake jingine shi, yanzu sai ya kai shi can gindin darbejiya. Na taɓa ce masa ya riƙa kawo shi kusa, ya ce injin ba ya son rana. Na ce a raina tsufa ya fara taɓa Baba.

Wata Juma'a cikin Yuli sandarsa ta faɗi a bakin ƙofa. Bai sunkuya ba, ya tsaya yana kallon bayana. Har na dafa tebur zan miƙe, sai allon dama ya yi ƙara, saƙo ya shigo. Na ce ita ce. Ashe shugaba ne, yana tambayar lambobin wani ƙauye a Baure. Kafin in gama ba shi amsa Baba ya ɗauki sandarsa da kansa ya fita. Ina jin takunsa yana nisa, a hankali ƙwarai.

Watan Agusta ya shigo da marka. Kwana huɗu rana ba ta leƙo ba, solar da ke kan rufi ba ta sami komai ba, batir ya mutu, wutar gari kuwa dama mun manta kamanninta. Ranar Juma'a huɗu ga wata na dawo daga masallaci na zauna gaban allo uku baƙi ƙirin, kowanne yana nuna min fuskata da gemun da ban gyara ba. Saura kwana goma a kalandata. Na riga na yanke cewa Juma'a mai zuwa zan tafi Mai'adua, har na kai babbar rigata guga.

Baba Mainasara ya yi sallama cikin yayyafi. Tun da babu abin kallo, na juya kujera na fuskance shi, sai na ga bai dace ina sama yana ƙasa ba, na sauko tabarma. Ranar ne na ga ya rame, kuma yanar ido ta fara rufe masa na dama. Wata biyu yana zuwa ban sani ba. Bai yi doguwar hira ba, ya sha ruwa, ya ce zai koma kafin ruwa ya yi ƙarfi. Sau ɗaya ya faɗa ya miƙe, ƙafarsa ta faɗa cikin takalmi ba lalube. Na ɗauki sandarsa na bi shi.

Babur ɗin yau yana bakin ƙofa. Layinmu ya yi caɓi ba ya hawuwa, sai na karɓa ina tura masa, yana tafe a gefena. Haka muka taka har gindin darbejiya. A nan ya tsaya ya dube ni.

"Yau ka taso."

"Babu wuta ne, Baba," na ce. Har in koma ga Allah ba zan manta na faɗi wannan ba.

"Na sani," ya ce.

Sannan ya rage murya, ya kalli ƙasa, yadda ake yi, ya ba ni labari. Mako uku da komawarta gida Haulatu ta same shi, ta ce zuciyarta ta sauka, kuma ta san ita ma ta faɗi magana mai zafi. Sai dai ba za ta koma gidan da za ta ci gaba da hira da ƙeyar mutum ba. Ta roƙe shi ya riƙa zuwa wurina da sunan zumunci, kada ya ce komai a zaure.

"Ta ce min, 'Kawu, in ya taso ya raka ku, ku ce masa ya zo, ina jiran sa. In bai taso ba, kada ku kira shi.' Ta sa na yi mata alkawari. Juma'a takwas ina zuwa da maganar nan a bakina, ina komawa da ita."

Ya ce duk ranar da ya koma a gidansa yake tarar da ita, tana taya matarsa aiki don dai ta riga kowa ganin sa. Ba ta tambayar me na ce, ko na rame, ko wa ke dafa min abinci. Tambayarta ɗaya ce: ya taso? Da farko yana ce mata aiki ne ya yi min yawa. Daga baya ya daina yi wa maganar kwalliya, kai kawai yake girgizawa. Naman Salla ma ita ta soya, ta ce ko ƙanshin girkinta zai tayar da ni.

Na ce ai ba a makara ba, saura kwana goma, yanzu ma zan hau bayansa mu tafi.

"Wa ya ƙirga maka kwana goman?"

Na ce kalanda, wata uku cif.

"Kai fa ɗan Malam ne, Musaddiq. Iddar mace da tsarki ake ƙirga ta, ita ke sanin abinta. Ta cika ranar Litinin. Shekaranjiya ta tsallaka Nijar, tana Matamaye wurin yayarta."

Na san wannan hukuncin. A gaban Malam na karanta shi, a cikin zauren nan. Amma wata uku ya fi sauƙin zanawa a kalanda, ni kuma na saba da abin da ke zanuwa. Na ce to a sake ɗaura aure, sabon sadaki, duk abin da mahaifinta ya ce zan yi. Ya ce wannan kuma ba shi da saƙo a kai. Babu wanda ya hana ni nema, amma yanzu ni da kowa ɗaya ne.

"Sai dai in gaya maka," ya ce, "Juma'ar da ta wuce da na koma, ba ta tambaye ni komai ba. Ruwa kawai ta kawo min."

Haushi ya taso min, irin na wanda ya rasa wanda zai kama. Na ce da ya tausaya min ya karya alkawarin, ko da ido ne ya yi min alama. Ya dube ni da idonsa mai lafiya, ya ce alamar ido ai sai ga wanda ya juyo. Ya ce ya ajiye babur nesa, ya ɓatar da takalmi, ya yar da sanda, shekararsa saba'in da huɗu yana wasan yara a ƙofar amininsa, me kuma ya rage? Ya ce zuwansa na ƙarshe duba Malam, mutumin yana jan ƙafa da ƙyar, amma sai da ya dafa bango ya rako shi har wurin nan da muke tsaye. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi jin sauƙi.

Na ci gaba da tura babur ɗin. Na wuce darbejiya, na wuce masallacin unguwa, na wuce masu sayar da gawayi, yayyafi yana jiƙa mu. Ban san me nake nema ba, wataƙila gani nake in na ƙara taku za a ƙara min magana. A bakin kwalta ya dafa hannuna ya karɓi kan babur.

"Ya isa haka. Koma gida."

Na ce wayarta tana wurina, ko in ɗauko ya aika mata. Ya ce ba ta yi zancenta ba. Ya buga babur sau uku ya tashi, ya nufi arewa.

Ranar Lahadi rana ta fito, kafin azahar batir ya farfaɗo, allo uku suka kawo. Abin da na fara yi shi ne jan hoton hagu daga Mai'adua zuwa arewa, ina bin titin da ta bi. Na wuce kasuwar shanu, na wuce gonakin da na zagaye da hannuna, kowace da lambarta. A kan iyaka hoton ya ƙare, abin da ke gaba duk toka-toka ne, don kamfani bai sayi hoton hayin can ba. Na zauna ina kallon wurin har aka kira salla. Da na dawo na goge jan zanen kalanda, na koma aiki, na yi gona ɗari da shida.

Sau biyu na rubuta wasiƙa zuwa Matamaye ta hannun wani direba, har yau shiru. Teburin yana nan inda yake, don babu wani bangon da zai ci shi, kuma kullum in na tashi aiki ina sa wa allunan rigunansu na atamfa. Amma yanzu ko mai tallar goro ne ya yi sallama, sai na miƙe na raka shi har gindin darbejiya, in tsaya ko zai ce "dama". Sukan dube ni da mamaki, su yi godiya su wuce, har an fara cewa a unguwa aikin Musaddiq ya ƙare. Baba Mainasara ya koma zuwansa na da, wata biyu sau ɗaya, kuma a bakin ƙofa yake jingine babur.